Ranar da Muka Karrama Mai Ɗori

Har na yi ritaya daga aikin ɗan sanda ban wuce sajan ba, kuma na san dalili. Bakina ne. Manyana a wurin aiki sun sha faɗa mini, matata ma ta faɗa har ta gaji, wai idan raina ya ɓaci ba na tauna magana kafin in furzar da ita. Ban taɓa musa masu ba. Amma duk abin da bakin nan ya jawo mini, na yawan canjin wuri da na hana ni ƙarin girma, bai dame ni ba kamar abin da ya jawo wa wani tsoho mai ɗori.

Ni mutumin Garbadu ne. A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙasarmu, ni ke riƙe da wani ɗan ƙaramin caji ofis a bayan Damri, ta wajen da daji ya miƙa zuwa Maradun. Mu biyar ne har da ni. Babur ɗaya gare mu, sai wayar oba-oba da ba ta kamawa sai ka hau tudun bayan masallaci ka ɗaga hannu sama. Da waɗannan ake son mu tsare ƙauyukan da ko zagaya su a yini ɗaya ba ma iya yi.

Wannan babur ɗin ne ya haɗa ni da mai ɗori. Na zame da shi a hanyar da ke bin magudanar ruwan Bakolori, kafaɗata ta goce, aka kwashe ni zuwa zaurensa. Tsoho ne siriri, kowa Baba yake ce masa. Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya sa mutum biyu suka riƙe ni, ya fizgi hannun sau ɗaya. Na ƙwalla ihun da har yau in na tuna kunya nake ji. Ya ce, "Haba Sajan, da kakinka da komi? Mata na leƙe hwa." Daga ranar muka saba.

To, mutanen daji su ma suna faɗuwa a kan babur, suna kuma karyewa. Asibiti kuwa ba wurin zuwansu ba ne. Da rana tsaka za su zo su biyu, su yi sallama a ƙofar zaure kamar mutanen kirki, su ce, "Baba, akwai aiki." Wa zai ce a'a? Ya ɗauki jakarsa ta kara da tsumma, su goya shi, ya je ya ɗora, su dawo da shi. Duk ƙauyen an san da haka, ba kuma wanda ya zarge shi, don kowa ya san abin da ƙi zai jawo. Abin da ba a sani ba shi ne, tsohon nan in yana ɗori kunnensa a buɗe yake.

Wata rana na koma ya duba mini kafaɗa, mutane na zaune a waje suna jiran layi. Ya danna mini babban yatsa a inda ke ciwo har na yi nishi mai ƙarfi, sai na ji bakinsa a kunnena. "Ka ce ma mutanen tungar gabas kada su hita gona ran Alhamis." Na juyo zan yi tambaya, ya ƙara dannawa. "Kunnenka kaɗai, Sajan. Ko matarka ban yarda ba. In ta hita, ni za a yanka, ba kai ba."

Ranar Alhamis mutanen dajin suka zo, suka tarar da gonaki wayam. Haka muka ci gaba. Kafaɗata ta warke tun tuni, amma duk mako sai in je ina tallafe da hannu ina yatsina fuska, har abokan aikina suna tsokanata wai na zama ragon maza. Ban taɓa rubuta sunansa a rahoto ba. "Wata majiya" nake rubutawa, ogana na Bakura in ya tambaya in ce masa jita-jitar kasuwa ce.

Ana haka sai takarda ta zo cewa an zaɓe ni kwas na kwana uku a Talata Mafara. Wata ƙungiya ce daga birni ta shirya, kan yadda za a shirya jami'an tsaro don barazanar da ke tafe. Ka ji fa, wadda ke tafe! Ni da ta yau ta hana ni sakat. Amma na goge kakina na tafi, don gaskiya ina son in koyi wani abu, kuma na yi zaton ko za a raba mana wayoyin da ke kamawa.

Babban zaure ne aka cika da mu, da 'yan sa-kai, da wakilan hakimai, da wasu da har aka tashi ban gane ko su wane ne ba. Mai koyarwar wata matashiya ce, kuma ba zan ci amanarta ba, ta san aikinta. Ta haska mana hotuna a bango. Ta nuna mana jirgi maras matuƙi da ke hango mutum a ƙarƙashin itace, ta nuna yadda ake bin sawun waya, ta yi bayanin ɓarayin da ke kwashe wa mutum dukiya ta intanet ba tare da sun bar ɗakinsu ba. Ta ce nan gaba mai laifi zai riga mu sanin na'ura in ba mu tashi tsaye ba. Duk gaskiya ne. Sai dai sau huɗu janareto yana mutuwa kafin azahar, mu zauna muna fifita da takardun da aka raba mana. Na tambaya ko za a ba mu irin jirgin nan, aka ce ana kan nazari. Na tambayi wayar oba-oba, aka ce ba ta cikin jadawalin wannan kwas.

A ranar farko aka buɗe mana guruf, wato zauren hira a waya, wai don a riƙa musayar bayanan tsaro cikin gaggawa. Aka zagaya da takarda kowa ya rubuta lambarsa. Na ga da idona direbobi sun rubuta, mai kawo abinci ta rubuta, wani wakilin hakimi ya rubuta tasa ya ƙara da ta ƙanensa da ta surukinsa, don kada su ji an ware su. A wurinmu ai ba ka hana mutum shiga abu yana tsaye yana kallonka. Kafin la'asar guruf ya cika da gaisuwa da addu'o'i da tallar taki.

A rana ta biyu na yi ɓarnar. Malamar ta ce kowa ya ba da labarin wata nasara da ya samu a aiki. Wani sufeto ɗan gayu da aka turo daga babban ofis ya miƙe ya ce matsalar ita ce 'yan sandan ƙauye ba su da ilimin tattara bayanai, sai zaman gindin itace da cin goro. Aka yi dariya. Ni kuwa na ji jini ya hau mini kai. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, mu masu cin goron nan sau uku muna kwashe mutane kafin a kawo masu hari, ba da jirgi ba, ba da kwamfuta ba. Kai sau nawa ka yi?"

Malamar ta matso da murna ta ce, "Yauwa Sajan, irin wannan muke son ji. Ta yaya kuke samun labari?"

Da na ce jita-jitar kasuwa ce kamar kullum, da shi ke nan. Amma ina kallon murmushin sufeton nan, sai na ce, "Akwai wani tsoho mai ɗori da ya fi duk na'urorinku."

Ban faɗi suna ba, na rantse ban faɗa ba. To amma a ƙasarmu sana'a ai suna ce. Daga Damri har bakin dam ɗin Bakolori, in ka ce mai ɗori, mutum ɗaya kowa zai gani a ransa. Na ji wani ɗan sa-kai a bayana ya ce, "Af, Baba kenan." Na zauna, ana ta tafa mini.

Duk da haka da abin ya tsaya nan, wataƙila da ya bi iska. Sai ogana ya kira ni gefe bayan sallar la'asar, fuskarsa cike da fara'a, don na fitar da yankinsa kunya. Ya ce gobe ranar rufe taro ce, manyan baƙi za su zo, kuma an yanke shawarar a karrama tsohon nan da takardar yabo.

Na ce, "Oga, don girman Allah kada a yi. Kashe shi za a yi."

Ya ce, "Kai Sajan, ka cika tsoro. Mu nan duk 'yan gida ne. Mutum ya yi wa hukuma irin wannan hidima, a tashi taro ba a gode masa ba? Ai butulci ne. Me mutanensa za su ce da mu?"

Na roƙe shi, na yi masa magiya, har na ɗaga murya, ya tuna mini ko ni wane ne da ko shi wane ne. Abin haushin shi ne ba mugunta ce ta sa shi ba. Da zuciya ɗaya yake son a girmama tsoho. Mu haka muka tashi, ba a rufe taro sai an kira wani gaba an yabe shi, an jero sunan ubansa da garinsu, an ɗauki hoto. Alheri in ba a faɗe shi a bainar jama'a ba, gani muke ba a gode ba.

Na fita na kira wani maƙwabcin Baba don ya ce masa ya bar gida gobe, layi bai shiga ba. Na kira har batir ya kusa ƙarewa. Na nemi izinin tafiya, aka ce wanda ya bar kwas ba shi da satifiket, kuma zai amsa tambaya. Na yi niyyar in tafi duk da haka, sai na ce wa kaina da sassafe zan sake tarar oga in shawo kansa. Wannan ma ina ƙirga shi cikin laifina. Da sassafen da na zo, motar da za ta ɗauko Baba ta riga ta tafi.

Ka san darasin da aka yi mana a safiyar nan? Kare sirrin majiya. Wallahi tallahi. Malamar ta rubuta a allo cewa kada a faɗi sunan mai ba da labari, kada a nuna fuskarsa, kada a gan ka tare da shi. Kowa ya kwafa a littafinsa, har da oga, da jan biro. Ina zaune ina jin kamar in ɗauki kujera in jefi allon.

Bayan azahar aka shigo da Baba. Motar 'yan sanda ce ta je har ƙofar zaurensa ta ɗauko shi a gaban duk ƙauye. Ya sa farar rigarsa ta sallah da hula, yana tafe yana gaida mutane dama da hagu. Ce masa aka yi za a gode masa ne don ɗorin da yake yi wa jami'ai. Ko da an faɗa masa gaskiya ma, talaka ne, hukuma ta aiko da mota, ya ce ba ya zuwa? Malamar ta gan shi ta ɗan yi turus, na ji ta tambayi oga, "Yallaɓai, wannan ba matsala kuwa?" Ya ce mata ba komai, nan gida ne. Ita baƙuwa ce, ta bar maganar.

Mai gabatarwa ya karɓi lasifika ya fara kirari. Ya faɗi sunan Baba, da na mahaifinsa, da na ƙauyensu, sannan ya ce wannan shi ne gwarzon da ke shiga har cikin daji ya kawo wa jami'an tsaro labarin miyagu. Na ga lokacin da maganar ta isa kunnen tsohon. Bai daina murmushi ba, don ana ɗaukar hoto, amma idonsa ya bi zauren yana nema har ya same ni. Na sunkuyar da kai. Wayoyi kuwa sun fi ashirin a sama. Kafin a gama rabon abinci hoton ya shiga guruf, ana ta jera masa addu'a a ƙasa.

Ni na mayar da shi gida a kan babur ɗin wani abokina, don na hana a sake sa shi a motar nan. Muka wuce gonakin shinkafa. Sai da muka tsaya ya yi la'asar a bakin magudana, ya shafa addu'a, ya ce, "Sajan, mi na yi maka?"

Na durƙusa a gabansa da kakina na ce ya yafe mini, kuma ya tattara iyalinsa yau ɗin nan in kai su gidanmu na Garbadu. Ya girgiza kai. Ya ce akwai wata mata da ya ɗora wa cinya, saura mako biyu a kwance ɗorin, ga albasarsa ta kusa cira. "Kuma in na gudu na amsa laihi ke nan. Su huce kan ɗiyana da ke nan? Ba ni zuwa ko'ina. Allah shi kyauta."

Washegari na je Bakura na nemi a ba ni mutum biyu su zauna a ƙauyen. Oga ya ce ina zai samo su, in rubuto a takarda. Na rubuta. Na roƙi a goge hoton daga guruf, aka goge, bayan ya kwana biyu yana yawo a wayoyin da ba mu san iyakarsu ba. Na riƙa zuwa ƙauyen kullum, har Baba ya ce in daina, zuwana ƙara tona shi yake yi. Na koma ina zama a ofis ina kallon hanya, satifiket ɗina na kwas yana cikin aljihun tebur. Ban taɓa jin haushin kaina da na aikina kamar a kwanakin nan ba.

A rana ta tara bayan taron suka zo da hantsi, su biyu a kan babur, suka yi sallama kamar yadda suka saba. "Baba, akwai aiki." Matarsa ta gaya mini cewa ya ɗauki jakarsa, ya tsaya ya dube ta, ya ce ta kula da awaki. Da labari ya iso mini na hau tudun masallaci ina ihu a cikin oba-oba. Aka ce a jira umarni. Mu biyar da babur ɗaya, ina za mu shiga a dajin nan? Da yamma aka turo mota, muka bi sawu har inda hanya ta ƙare, muka dawo.

Kwana huɗu bayan nan wani makiyayi maƙwabcinsa ya tsinci Baba a bakin hanyar Maradun, ya ɗoro shi a amalanken shanu. 'Yan bindigar ba su nemi komai daga kowa ba. Da ransa suka sako shi, amma sun ɗora hannuwansa biyu a kan kututture sun daddake su da gindin bindiga. Sun ce masa ya je ya nuna wa masu ba shi takarda.

Muka kai shi asibiti a Mafara. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙasusuwan yatsun sun yi rugu-rugu. Yana kwance yana kallon yadda ake naɗe masa hannu, har yana gyara wa ma'aikacin, "Ɗan ja nan, ɗana, bai zamna ba." Oga ya zo dubiya da lemo a leda, ya yi ta salati, ya yi hawaye na gaske. Na fita waje don kada in faɗi abin da zai sa a kore ni saura wata kaɗan in yi ritaya. Matar da Baba ya ɗora wa cinya, wani aka nemo daga nesa ya kwance mata ɗorin.

Daga nan kuma ba wanda ya sake gaya mini komai a yankin. In na shiga kasuwar Damri a gaishe ni da kyau, a tambayi gida da aiki da gajiya, in na ɗan rage murya sai mutum ya tuna yana da uzuri. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne ma haka zan yi.

Bayan na ajiye aiki na je gaishe shi. Hannuwan sun warke a karkace, yatsun sun dunƙule ba sa buɗewa. Na tarar matarsa na zuba masa ruwan alwala tana wanke masa fuska. Ta amsa sallamata ba ta dube ni ba, ta ɗauki butarta ta shige ciki. Na zauna a bakin tabarma, na shirya maganar da na yi wata da watanni ina tsarawa. Bai bar ni na fara ba. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mutanen Garbadu, ya tambayi damina. Sannan ya gyara zama da gwiwar hannu.

Ya ce, "Sajan, ina son in tambaye ka. Karatun nan da kunka yi a Mahwara."

Na ce, "Na'am, Baba."

"An dai koya maku abin da za ku tsare mutane da shi nan gaba ko? Ya yi amfani?"

Na duba fuskarsa ko gatse yake yi mini. Wallahi da gatse ne da na fi samun sauƙi. Da gaske yake tambaya, yana jiran amsa, hannuwan nan biyu a kan cinyarsa.

Ni da aka sani da faɗin gaskiya ko a gaban wa, na buɗe baki na ce, "Ya yi amfani, Baba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi."